Bankin BSIC a N'Djamena: asalinsa da ayyukansa

Cikin bankunan da ke hada-hada a N'Djamena akwai BSIC, bankin zuba jari da kasuwanci na yankin Sahel da Sahara. Tushensa ƙungiyar CEN-SAD ce, wadda Libiya da Chadi da Nijar da Mali da Burkina Faso da Sudan suka kafa a birnin Tripoli a 1998. A 1999 aka kafa bankin domin ya bunƙasa ciniki tsakanin ƙasashen, hedikwatarsa kuwa tana Tripoli.

Reshensa na Chadi yana buɗe asusun ajiya, yana ba 'yan kasuwa da ma'aikata rance, yana kuma aika kuɗi ƙetare. Hukumar COBAC ce ke sa masa ido, kamar sauran bankunan ƙasar.

Amfaninsa ga ɗan kasuwa a fili yake. Sefar Chadi ta babban bankin BEAC ce, ta Nijar kuwa ta BCEAO ce. Darajarsu ɗaya, amma ba a karɓar takardar wannan a kasuwar waccan. Mai sayen kaya daga Yamai sai ya biya ta banki, ya huta da ɗaure damin kuɗi a ƙugu.