Tallafin Gwamnati ga Ƙananan 'Yan Kasuwa a Makka: Wa Ke Samu, Wa Ke Kallo?

Unguwar Aziziyya tana tsakanin Harami da Mina, kuma wannan zama da ta yi shi ne jarinta. Da zarar Zulƙida ta kama, dogayen benayenta kan cika da alhazai, shagunan babban titin su yi ta ciniki har bayan tsakar dare: jallabiya, abaya, darduma, carbi, turare, agogo, dabino, akwatunan zuba tsaraba. Alhajin Kano ko na Maraɗi da ya taɓa taya kaya a can ya san yadda yaron shago kan tarbe shi da guntuwar Hausa, ya ce masa "zo, akwai araha". Amma in an kammala jifa, jirage sun kwashe baƙi, sai unguwar ta yi tsit. Gidaje da yawa a rufe su sai wata shekarar, mai shago kuma ya koma dogaro da masu Umra, da ɗaliban Jami'ar Ummul Ƙura, da mazauna gari. Haya kuwa ba ta san an tashi daga Hajji ba.

Irin wannan ɗan kasuwa, mai cinikin kaka, shi ne bankuna ba sa son gani. Kuɗinsa na shigowa ne a dunƙule cikin 'yan makonni, ba shi da fili ko gida da zai jingina, littafin lissafinsa kuma sau da yawa yana cikin kansa ne. Gwamnatin Saudiyya ta daɗe da gane haka. A 2016, lokacin da ta ƙaddamar da shirinta na Hangen 2030 don rage dogaro da man fetur, ta ce tana son kason ƙanana da matsakaitan sana'o'i a tattalin arzikin ƙasa ya tashi daga kashi 20 cikin ɗari zuwa kashi 35. A shekarar ce hukumar Monsha'at ta fara aiki don kula da wannan ɓangare. A ma'auninta, sana'ar da ke da ma'aikata ɗaya zuwa biyar, wadda cinikinta na shekara bai wuce riyal miliyan 3 ba, ita ce mafi ƙanƙanta. Galibin shagunan tsaraba a nan suka faɗo.

Abin da ya fi dacewa mai karatu ya lura da shi shi ne shirin Kafalah, wanda ya girmi Monsha'at da shekara goma, domin tun 2006 Ma'aikatar Kuɗi da bankuna suka kafa shi. Ba ruwansa da kafilin da baƙo ke zama a ƙarƙashinsa. Shirin ba ya miƙa wa kowa ko sisi. Ɗan kasuwa zai je bankinsa ne ya nemi bashi, banki ya duba sana'ar. In ya ga tana da alamar riba amma babu jingina, sai ya tura wa Kafalah ta tsaya masa. Ita kuma ta yi alkawarin biyan babban kaso na bashin, wanda kan kai kashi 80 cikin ɗari, idan sana'ar ta durƙushe. Hikimar tana nan: banki ne ke tantancewa, kuma tun da shi ma yana da abin da zai yi asara, ba zai ba wa ɗan wane kuɗi don kawai an bugo waya ba. Mai karɓa kuma ya san bashi ne ya ci, ba rabonsa na arzikin ƙasa ba. A ganina wannan ne bambanci mafi girma tsakanin tsarin can da abin da muka saba gani a gida, inda shirin gwamnatin Najeriya na TraderMoni ya raba rancen naira dubu goma-goma a kasuwanni a 2018, ana gab da zaɓe, da yawa suka karɓa a matsayin kyauta. Ba wai Najeriya ba ta san dabarar lamuni ba ce: tun 1977 take da asusun lamunin bashin noma a ƙarƙashin Babban Banki. Riƙon ne ya bambanta.

Bayan Kafalah akwai Bankin Raya Al'umma, wanda asalinsa ya koma 1971, mai ba da rance marar ruwa ga masu fara sana'a da kuma iyalan da ke sana'a a cikin gida, kamar mata masu girki, ɗinki ko haɗa turare. Akwai kuma bankin ƙanana da matsakaitan sana'o'i da aka amince da kafa shi a 2021. A lokacin korona, sa'ad da aka dakatar da Umra aka kuma taƙaita Hajjin 2020 ga mutane ƙalilan mazauna ƙasar, bayan kusan miliyan biyu da rabi sun yi na 2019, babban bankin ƙasar ya ware riyal biliyan 50 a watan Maris don jinkirta biyan basussuka da tallafa wa kamfanoni. Shagunan Aziziyya sun ga shekarar da ba su taɓa gani ba, kuma wanda ke cikin littafin banki ne ya sami wannan sauƙi.

Kada a ɗauka gwamnati bayarwa kawai take yi. Hannun da ya ba ka shi ke karɓa. An shigo da harajin saye da sayarwa na kashi 5 a Janairun 2018, aka ninka shi zuwa kashi 15 a Yulin 2020. Akwai kuɗin wata-wata da ake biya a kan kowane ma'aikaci baƙo, ko da yake an yi wa ƙananan wuraren da ba su wuce mutum tara ba sassauci. Tun ƙarshen 2021 kuma rasit na na'ura ya zama dole.

To ina Hausawa a cikin wannan? A nan ne zancen ya rabu biyu. Hausawa sun daɗe a Makka. Kakannin wasu a ƙafa suka keta Chadi da Sudan, wasu bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka zauna a unguwanni irin su Misfala, Jarwal da Shara Mansur. Jikokin da suka sami takardar zama 'yan ƙasa, masu amsa sunan Hausawi, Barnawi ko Fallata, duk ƙofofin nan a buɗe suke gare su kamar kowane Basa'ude. Suna iya yin rajistar kasuwanci da sunansu, su nemi rance, su buɗe gidan tsire, abincin da mutanen Hijaz suka karɓa hannu biyu daga wajen Hausawa. Amma akwai dubbai da aka haifa a can, iyayensu ma a can aka haife su, waɗanda har yau da iƙama, wato takardar zaman baƙo, suke zaune, wasu ma babu ita. Sai kuma waɗanda suka je Umra suka maƙale, da muke kira takari. Matar da ke shimfiɗa tabarma a gefen titi da ƙullin gyaɗa, goro da ɗankunne, idonta ɗaya a kan mai saye ɗaya a kan motar baladiyya, wato hukumar gari, ita ce ƙaramar 'yar kasuwa ta ainihi, amma a takarda babu ita. Babu rajista, babu asusun banki na sana'a, don haka babu Kafalah.

Hanyar da mutane suka daɗe suna bi ita ce ta tasattur: baƙo ya zuba jarinsa, ɗan ƙasa ya ba da sunansa a kan takardun shago, a riƙa ba shi wani abu duk wata. Ya kamata duk mai shirin tura kuɗinsa Makka ta wannan hanya ya san abin da dokar da aka sabunta a 2020 ta tanada: ɗaurin da zai iya kai wa shekara biyar, tarar da za ta iya kai wa riyal miliyan 5, ƙwace dukiyar da aka samu, sannan a kori baƙon daga ƙasar. Wanda ya tona asiri kuma yana iya samun har kashi 30 na tarar, wato yaron shagonka da kuka saɓa da shi yana da dalilin zuwa ya kai ƙara. An ba da wa'adin gyara takardu, ya ƙare a Fabrairun 2022. Ko ba a kama ku ba, shago na mai suna ne. In ya rasu magadansa suka ce na ubansu ne, ko ya wayi gari ya canza makulli, ba ka da kotun zuwa, domin ƙarar da za ka shigar ita ce shaidar laifinka. In ma an sami rancen gwamnati da sunan shagon, a hannunsa zai sauka.

Halastacciyar hanya ga baƙo ita ce rajista da Ma'aikatar Zuba Jari, ko takardar zama ta musamman da aka fito da ita a 2019. Dukkansu suna neman kuɗi da takardun da attajirin kasuwar Kantin Kwari ta Kano zai iya haɗawa, amma sun fi ƙarfin mai neman buɗe ɗan shagon carbi. Saboda haka idan dillali ya zo maka da labarin cewa Saudiyya na raba wa ƙananan 'yan kasuwa jari, kuma zai sama maka gurbi a Aziziyya in ka biya kuɗin fom, tambaye shi sunan wa za a rubuta a kan rajistar.