Idan shanyewar ɓarin jiki ta tafi da magana

Kusan mutum ɗaya cikin uku da shanyewar ɓarin jiki ta kama yakan rasa magana. Likitoci suna kiran wannan larura afasiya, kuma galibi daga ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take tasowa. Hankalin mutum yana nan daram, kalmomi ne ke kuɓuce masa. Ba tsufa ba ne, ba kuma aljanu ba.

A unguwar Lugbe, da sassafe masu aiki suke hawa titin filin jirgi zuwa cikin gari, sai dare. Dattijon da aka bari a gida da wannan larura, da ke son cewa "ruwa" ya kasa, yakan wuni yana kallon bango. Kaɗaicin nan ya fi ciwon cin rai, kuma yakan jefa mutum cikin tsananin damuwa.

In kun je dubiya, ku kashe talabijin, ku dube shi, ku yi tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a". Kada ku ƙarasa masa zance. Maƙwabta su riƙa ɗaukarsa zuwa masallaci da wurin suna. Iyali kuwa su tambayi likita a Babban Asibitin Ƙasa ya haɗa su da ƙwararren mai gyaran magana tun da wuri.