RIGAR AMARYA MAI RIƘE DA SUNAN GARI

A gidajen Falasɗinawa mazauna Amman, ko Santiyago ta ƙasar Shili, ko Ditroyit ta Amurka, akan tarar da akwati guda wanda ba a buɗe shi sai biki ya taso. Abin da ke ciki doguwar riga ce har idon sawu, «tob» a bakinsu, wadda aka yi wa ado da allura da zaren alharini. Kaka ta sa ta ranar aurenta, ta bar wa ɗiyarta, ɗiya kuma ta ajiye wa jika.

Kafin shekarar 1948, yarinyar ƙauye tun tana ƙarama ta ke zama gaban uwarta tana koyon wannan aiki da su ke kira «tatriz», ta yi shekaru tana ɗinkin kayan aurenta. Ango shi ke sayen yadi da zare, kamar dai yadda a ke haɗa lefe. Kowane yanki da nasa hannu, har mace ta kan dubi ƙirjin rigar wata a kasuwa ta faɗi garinsu ba tare da ta tambaya ba. Matan Ramalla jan zare su ke zubawa bisa farin yadi. Na Baitalami su ne gwanaye: rigarsu, «malak», da igiyar zinariya da azurfa a ke shimfiɗa mata ado, ana kama igiyar da ƙananan ɗinki, kuma ƙauyuka da yawa daga wurinsu su ke sayen ta amare. Matar aure a can tana ɗora doguwar hula, «shatwe», wadda aka jera wa kuɗin sadakinta. Masaƙan Majdal kuwa, kusa da Gaza, suna da wani yadi mai ratsin kore da ja wanda suka raɗa wa suna «aljanna da wuta».

Yaƙin 1948 ya fitar da mutane sama da 700,000 daga gidajensu, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Wanda ke gudu ba ya ɗaukar gona, amma riga tana shiga ƙunshi. A sansanonin Jodan da Libanon talauci ya sa mata da dama suka sayar da nasu. Wata baiwar Allah, Widad Kawar, ta yi shekaru tana saye tana adanawa, har ta tara kaya sama da 2,000, waɗanda ke cibiyar Tiraz a Amman. Aikinta abin yabo ne ƙwarai. Sai dai rigar da ta shiga gidan tarihi ta daina zuwa biki.

Waɗanda suka riƙe tasu, dabarar da suka gada ita ta cece su. Yadi yana tsufa, yana yagewa a hammata da gindi, amma zanen ƙirji, wato «ƙabbe», ya fi shi ƙarko. Sai a warware shi a hankali, a ɗora bisa sabon yadi daidai jikin sabuwar amarya, a ƙara hannu ko a rage. Ta haka yarinyar da aka haifa a ƙetare, wadda wataƙila Larabcinta bai wuce gaisuwa ba, ta ke fitowa daren lalle da zanen wani ƙauye da yau ba ya cikin taswira. Washegari ta sa farar rigar Turawa, tsofaffi su kau da kai, tun da an ba su darensu.

Ranar 3 ga Janairu 2019, Rashida Tlaib, ɗiyar baƙin da suka zauna Ditroyit, ta yi rantsuwar shiga majalisar dokokin Amurka sanye da irin wannan riga ta hannun mahaifiyarta. A watan Disamba 2021 kuma hukumar UNESCO ta sa «tatriz» cikin jerin al'adun gado na duniya.

Takardar hukuma ba ta riƙe allura. Riga guda ta hannu tana cin watanni, ta na'ura kuwa kwana kaɗan, kuma kuɗinta bai kai ko kusa ba, saboda haka ita ta cika kantuna. Na'ura ba ta san Ramalla ba, ba ta san Gaza ba, tana gauraya zanen wannan da na wancan bisa son mai saye. Shi ya sa idan aka kawo riga gidan biki aka ce ta gado ce, tsohuwa ba ta tsayawa kallon gabanta. Juya ta ta ke yi ta dubi bayan ɗinkin, inda sawun allura ke nuna ko hannu ne ya yi.