Tsohon piyano da shigowar ɗari

A ƙasar Faransa, cikin gidaje da dama, akwai wani babban abin kiɗa jingine da bango a ɗakin zama. Sunansa piyano. Sau da yawa tsoho ne, an gaje shi wurin kaka. Bisa kansa ake jera hotunan iyali. Da marece, in yara sun komo daga lakkwal, ɗaya ya zauna yana koyon kiɗa, uwa tana saurare daga madafa.

Wata shekara ɗari yakan shigo da wuri, tun farkon watan Oktoba. Sai a rufe tagogi, a kunna abin ɗumama ɗaki. Bayan ƴan makonni yaro ya zauna kiɗa, sai ya ji muryar piyano ta sake, ba daɗi. Alhali ba wanda ya ɓata shi. To, mi ya faru? Sai mun leƙa cikinsa mu gane.

Wani gwanin haɗa kayan kiɗa, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙago piyano a birnin Fulorans na Italiya, wajen shekara ta 1700. Piyano na yau yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Wasu tsofaffi 85 gare su. In an danna ɗaya da yatsa, wata ƴar guduma mai kan ulu ta bugi tsirkiya daga ciki. Tsirkiyoyin na ƙarfe ne, sun fi 200. An ɗaure su tamau, har ƙarfin jan da suke yi gaba ɗaya ya kusa tan 20.

Bayan tsirkiyoyin akwai wani faffaɗan allo na katako maras kauri. Shi ke ƙara amo, kamar yadda ƙwarya da fata ke ƙara amon gurmi. Allon yana da ɗan doro a tsakiya, yana tokare da tsirkiyoyin.

Icce kuwa, ko an sare shi tun shekara 100, bai daina shan laimar iska ba. In iska na da laima, ya kumbura. In ta bushe, ya tsuke. Iskar ɗari ba ta riƙe laima da yawa. In kuma aka ɗumama ta cikin ɗaki, sai ta ƙara bushewa, ta dinga zuƙe laimar katako. Doron allo ya kwanta, tsirkiyoyi su saki kaɗan, murya ta sauka. Ashe ba sanyin ne kansa ya ɓata muryar ba, bushewar iska ce.

Tsohon piyano ya fi shan wahala. Ƙusoshin da ke riƙe da tsirkiyoyi cikin katako aka kafa su. In katakon ya bushe ƙwarai, sai su yi sako-sako. Allon ma yana iya tsagewa. Gyaran wannan yana da tsada, har wasu iyalai su rabu da abin da kakarsu ta bar masu.

Don haka masu hankali ba su aje piyano kusa da wuta ko taga. Kuma sau ɗaya ko biyu a shekara suna kiran mai gyara. Ba ranar da ɗari ya fara yake zuwa ba. Sai an yi ƴan makonni, katako ya saba da iskar ɗakin. Yana da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu. In ya buga shi, yana rawa sau 440 cikin daƙiƙa guda. Da wannan amo yake gwaji. Sannan ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana murɗawa da makulli, yana kasa kunne. Aikin yakan ci awa ɗaya ko biyu. Kafin ya gama, yaran gida dole su yi shiru.

Mu ma mun san wannan hali na icce. Da damina ƙyauren katako yakan kumbura, ya ƙi rufuwa. Da hunturu ya tsuke, har ka hangi haske ta tsagarsa. Akushi da turmi sukan tsage in an bar su cikin iska. Fatar ganga kuwa tana saki in an yi laima, shi ya sa makaɗi yake gasa ta gefen wuta kafin ya fara kiɗa.

Tambayoyi

1. Wa ya ƙago piyano, kuma a wace ƙasa?
2. Mi ke bugun tsirkiya in an danna madanni?
3. Don mi muryar piyano ke sauka da ɗari?
4. Ku duba cikin gidanku: waɗanne kayan icce ne hunturu ke sakewa?