'Yan Sikawut: Idan Malami Ya Ƙi Sakar Wa Yara Ragama

Da yammacin Asabar, a filin ƙwallon wasu makarantun sakandare da ke gefen Abuja, akan ga yara sanye da kakin sikawut sun yi sahu, malaminsu na gaba da usur a baki. Shi ke kiran suna, shi ke karɓar kuɗin zango, shi ke tsara abin da za a dafa, idan kuma yaran suka yi nawa wajen kafa tanti sai ya karɓe igiyar ya ɗaure da kansa. Mai kallo daga nesa zai yaba. Amma a cikin sahun akwai masu ɗauke da alamar shugaban rukuni a riga, waɗanda ko a kan icen girki ba a taɓa barinsu sun yanke shawara ba.

Ba a kan haka aka gina sikawut ba. A watan Agustan 1907 Robert Baden-Powell ya kai yara kimanin ashirin tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila, ya kasa su rukuni huɗu, ya ɗora yaro guda a kan kowanne. Tun a ƙawanyar Mafeking ta kwana 217, tsakanin 1899 da 1900, ya ga yadda yara ke kai saƙo cikin gari ba tare da wani babba ya tsaya a kansu ba. Littafinsa Scouting for Boys ya fito a 1908, tsarin kuma ya iso Najeriya a 1915. Rukuni ɗaya yara shida ne zuwa takwas. Shugabannin rukunoni ke zama su tsara ayyukan runduna, babba kuwa ya ba da shawara, ya kuma tsare lafiyarsu.

Me ya sa wasu malaman ke ƙin sakin ragamar? Ba kasafai mugunta ba ce. Idan yaro ya ƙone a murhu, malamin za a tuhuma, ba shugaban rukuni ba. Wani kuma fareti kawai ya iya, don haka da daidaituwar ƙafa yake auna nasara. Ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar dogon bayani a nan: ya san daraktan da kowane fayil sai ya kwana a teburinsa, ranar da ya yi ritaya kuwa a rasa wanda ya san inda aka kwana.

Ga mataimakin malami ko uban da abin ya dama, ja-in-ja da shugaban runduna a gaban yara shi ne kuskure mafi muni, domin yaran za su koyi ɓangaranci ne, ba jagoranci ba. Abin da ya fi amfani shi ne a nemi ɗan ƙaramin aiki wanda malamin ba zai ji an rage masa girma ba idan ya sake shi. A ce abincin dare ɗaya a zango: rukuni ya yi lissafin kuɗi, ya je kasuwa, ya raba aiki, ya dafa. Wataƙila shinkafar ta caɓe. A bar su su ci abinsu, washegari shugabansu ya tara su su gano inda aka kuskure. Yaron da ya taɓa tsayawa gaban abokansa bakwai masu jin yunwa ya ɗauki laifi, ya koyi abin da lacca goma ba za ta koya masa ba.

Daga nan sai a roƙi minti goma sha biyar bayan kowane taro domin shugabannin rukunoni su zauna, su rubuta shawararsu, su miƙa wa malamin da hannunsu cikin ladabi. Zai iya ƙi. Sai dai ƙin takardar da yara suka tsara da kyau, mako bayan mako, yana da nauyi ko ga mai taurin kai.

Idan duk wannan ya faskara, akwai kwamishinan sikawut na yanki, akwai kuma kwas ɗin horar da manya na Wood Badge, wanda aka fara a Gilwell Park a 1919, inda ake kasa su kansu malaman rukuni-rukuni, su yi girki, su kwana a tanti ƙarƙashin jagorancin ɗaya daga cikinsu.