BAYANI A KAN ƘARA WA LAFTOF RAM BA TARE DA ASARA BA

'Yan kasuwa da dillalan Sakkwato, bayanin wanga mako a kan laftof ne, kwamfutar da ake sawa cikin jaka. Tun shekarar 2015 da jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, da yawa cikinmu sun saya wa ɗiyansu, wasu kuma da ita suke riƙe lissafin buhuna da bashi. In ta fara nawa sai yaro ya ce a sayi sabuwa. To, a dakata tukuna.

Ku sani kwamfuta tana da rumbu, tana da tabarmar awo. Rumbu shi ne hadis, inda kaya ke kwana. Tabarma ita ce ram, inda ake zube abin da ake aiki da shi yanzu. Kome girman rumbu, in tabarma ƙarama ce awo ba ya sauri. Mai ram giga 4 in anka mai da ita 8, sau da yawa nawar takan tafi.

Amma ram iri-iri ce, kuma wata ba ta shiga ramin wata. DDR3 ta fito a 2007, ta laftof haƙoranta 204. DDR4 ta fito a 2014, haƙoranta 260. DDR5 haƙoranta 262. Kowace da wurin tsagarta daban. Wanda ya danna da ƙarfi ya karya rami, ya ja wa kansa gyaran da ya fi kuɗin ram.

Saboda haka, kafin a yi maganar kuɗi, a duba abu huɗu.

Na ɗaya, mai gyara ya buɗe a gani ko akwai ramin da ba kowa. Wasu siraran laftof, kamar MacBook na zamani, ram ɗinsu a liƙe take, ba ta ƙaruwa.

Na biyu, a karanta takardar da ke jikin wadda ke ciki: PC3 ko PC3L ko PC4. A kula da harafin L ɗin nan. PC3 tana cin wuta bolt 1.5, PC3L bolt 1.35. Kwamfutar da anka yi domin mai L ba ta yarda da maras L.

Na uku, a bincika lambar kwamfutar a san iyakar abin da take ɗauka. Buhu mai cin tiya arba'in ba ya cin sittin.

Na huɗu, Windows mai 32 ba ya amfani da abin da ya wuce giga 4. Sai an sa mai 64.

Sai maganar tsada. Daga ƙarshen 2025 farashin ram ya hau a duniya, don kamfanoni uku da sunka riƙe sana'ar, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, sun karkata ga masu gina manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. Mu masu hatsi mun san abin da kan faru in babban mai saye ya shigo kasuwa.

Shawararmu ita ce ta hannu, wadda anka ciro daga wata laftof, irin da ke zowa daga Computer Village ta Ikeja ko daga Kano. Ram ba ta da abin da ke juyawa, ba ta saurin lalacewa. Sai dai ba a cinikin biri a sama. A kai kwamfutar shago, a kashe ta, a cire caja da batir, a sa ram, a kunna, a ga adadin ya fito a Task Manager, a bar ta ta yi aiki, sannan a biya. A yi sharaɗin mayarwa gaban shaida, a karɓi rasit.

Ku kuma dillalai, kar ku karɓi la'ada a kan abin da ba ku karanta lambarsa ba. In ta ƙi tashi, ku za a nema, ba mai shago ba.