Mene Ne Ɗalibin Tsimi Da Tanadi Ya Iya Bayan Shekara Huɗu?

Wata rana da kaka ina zaune a rumfar masu hatsi a Dutsi, sai wani dattijo ya dubi ɗan ƙanensa da bai daɗe da gama jami'a ba, ya ce, "Ɗana, kai da ka karanta tattalin arziki, geron nan in sayar yanzu ne, ko in zuba a rumbu sai damina?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai farashi yawan kaya da yawan masu nema ke yanke shi." Dattijon ya ce, "Wannan ai na sani tun ba a haife ka ba. Shawara nake nema."

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, da kyakkyawan sakamako ya fita. Tambayar ce ba a taɓa yi masa irinta ba. Mai amsa ta sai ya lissafa yadda kuɗin tiya ke tashi daga kaka zuwa watan Agusta, ya cire ɓarnar ƙwari da kuɗin magani, ya tuna bashin taki da ke wuyan tsohon, ya kuma duba yadda darajar naira ke zubewa kafin lokacin. Duk an koyar da waɗannan a aji. Abin da ba a auna ba shi ne ko ɗalibin zai iya haɗa su ya warware matsalar mutum guda.

Iyaye a Dutsi da sauran garuruwan shiyyar Daura suna sayar da amfanin gona da dabbobi su tura 'ya'yansu Jami'ar Umaru Musa Yar'adua a Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ko Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya. Ma'aunin da aka saba da shi a jami'o'inmu sananne ne: galibi maki 30 na gwaji da aikin gida, maki 70 na jarrabawar ƙarshen zango, sai a tara a fitar da matsakaici. Wanda ya kai 4.50 cikin 5.00 ya sami daraja ta ɗaya. Tsarin yana da amfaninsa, amma in malami guda na fama da ɗaruruwan takardu, tambayar da ta fi sauƙin dubawa ita ce ta "kawo ma'ana" da "lissafo dalilai biyar". Ɗalibai kuwa sun gane haka. A haddace, a zuba a takarda, a manta.

Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. Tun 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa a Amurka suka jera matakan sani, suka sa hadda a ƙasa, sannan fahimta, da aiki da abin da aka fahimta, har zuwa iya yanke hukunci. A 1986 wani malamin tattalin arziki na Jami'ar Wiskonsin, W. Lee Hansen, ya ba da shawarar a auna mai digiri da abin da zai iya aikatawa: ya nemo bayani da kansa, ya fassara shi, ya yi amfani da shi a kan matsala ta gaske. Bayan rikicin kuɗi na 2008, Sarauniyar Ingila ta tambayi masana a Makarantar Tattalin Arziki ta Landan dalilin da ya sa ba wanda ya hango shi, daga baya ɗalibai a Manchesta suka tashi neman a sake manhaja.

A nan gida, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja a Disambar 2022. Ta tsara kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta, kuma kowane darasi an rubuta abin da ake so ɗalibi ya iya idan ya gama shi. Wannan ƙofa ce babba. Sai dai rubuta buri a manhaja daban, tabbatar da cikarsa daban.

Yankinmu kuwa aji ne a buɗe. An rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024. An sauya fasalin naira, aka sha ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023. An cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Kowane ɗaya ya bar alama a kan kuɗin shanu a kasuwar Mai'aduwa, da canjin sefa a Kwangwalam, da kuɗin mota daga Dutsi zuwa Katsina.

Don haka ga abin da nake ganin sassan tsimi da tanadi za su iya yi ba da kashe kuɗi mai yawa ba. Su yi wa ɗalibi gwaji iri ɗaya ranar shigarsa da shekarar fitarsa, domin a ga abin da karatun ya ƙara masa. Kowane ɗalibi ya riƙe kasuwa ɗaya ya bi farashin gero ko wake ko riɗi na tsawon shekara, ya zanta da dillalai da manoma, binciken kammalawarsa ya fito daga nan, ba daga kwafar kundin wani ba. Ya kare shi da baki, ya kuma bayyana sakamakon da Hausa yadda manomi zai gane. Malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba nau'in tambayoyin, ba jimlar maki kaɗai ba. Sannan sashe ya riƙa bibiyar tsofaffin ɗalibansa ya ji abin da ya amfane su a wurin aiki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tela ba ya yaye yaronsa sai ya yanka riga ya ɗinka a gabansa. Malamin zaure ba ya wuce da almajiri sai ya biya karatu ya fassara. Gani ya kori ji.

Ina kira ga shugabannin sassa da malamai su yi amfani da kashi 30 ɗin nan da aka bar musu, su kai jarrabawa inda rayuwa take. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya dawo hutu, kada ku tsaya ga tambayar makin da ya ci. Ku tafi da shi kasuwa, ku ba shi lissafin rumbunku, ku ji abin da zai ce. Amfanin ilimi aiki da shi.